Ra'ayinmu: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bayarwa ga Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. So yake kowa ya koma Windows 11, ita kuwa ba ta yarda da tsofaffin injina da yawa. To, kowa ya san irin kwamfutocin da ke gidajenmu a Gwaram da Birnin Kudu: na gwanjo ne, waɗanda malami ko akawu ya yi adashi kafin ya sayo daga Kano. Yanzu mai irin wannan yana tsaka mai wuya. Ko ya jefar da inji mai lafiya, ko ya zauna da manhajar da ƙofarta ke buɗe ga ɓarayin intanet, ko kuwa ya sa a cusa masa ta sata.

A ganinmu akwai hanya ta huɗu, ita ce Linux. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991 yana ɗan shekara 21, ya bar asalin rubutunta a fili domin kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Daga cikin ire-irenta akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004, da kuma Linux Mint, wadda fuskarta ba za ta baƙunci wanda ya saba da Windows ba. Ba a biyan ko kwabo, ba a kuwa kiran mai ita ɓarawo.

Kada a ɗauka wannan zancen 'yan birni ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum. Yaron da bai taɓa taɓa inji ba sai ranar jarrabawa, an kayar da shi tun kafin a shiga fage. Saboda haka kowace tsohuwar kwamfuta da aka raya a gida, ƙofar jami'a ce aka buɗe wa ƙannenmu.

Ba mu ce babu wuya ba. Takardun ofis na Word ana buɗe su da LibreOffice, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan karkace, wasu manhajojin kuma ba su aiki sam. Don haka lalle ne mutum ya kwafe takardunsa tukuna, sa'an nan ya gwada Linux daga kan filashi ba tare da ya goge kome ba. In ta yi masa, sai ya girka.

Babbar matsalar ƙauye ita ce tsadar data, gama manhajar tana da nauyi. A nan ne aikin ya faɗo kanmu. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta ware rana guda kafin hutu, a koya wa kowa girkawa, kowa ya tafi gida da filashinsa. 'Yan'uwanmu na Dutse da Kafin Hausa su ma su yi haka. Ma'aikata kuwa su fito da injinan da suka jingine a bayan ɗaki.

Jama'a ce ta ilmantar da mu, ga ɗan abin da za mu fara sāka mata da shi. Allah ya sa mu dace, amin.