Sanarwar Bayan Taro Kan Bai Wa Marasa Lafiya Maganin Wata Uku

Mu wakilan masu fama da hawan jini da ciwon suga daga ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo mun gudanar da taro a garin Goronyo tare da ma'aikatan lafiya, malamai da manoman rani na yankin Madatsar Ruwa ta Goronyo.

Taron ya lura cewa:

1. Yawancinmu takardar maganin wata guda ake rubuta mana, ko da jini da suga sun daɗe da daidaituwa. Kowane wata sai an nemi kuɗin mota, wasu har Sakkwato, a bar albasa da shinkafa a fadama.
2. Matsalar 'yan bindiga a gabashin jihar da ambaliyar kogin Rima, irin ta 2010, kan hana tafiya. Wanda maganinsa ya yanke yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.
3. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa masu cutar ƙanjamau da jikinsu ya daidaita maganin wata 3 zuwa 6, kuma Najeriya na aiki da hakan. A 2021 hukumar ta ce mai hawan jinin da ya daidaita ya isa a duba shi duk wata 3 zuwa 6.

Saboda haka taron ya yi kira ga:

1. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta amince a rubuta maganin wata uku ga duk wanda likita ya tabbatar ciwonsa ya daidaita. Wanda ya fara magani ko aka canza masa, a ci gaba da ganinsa wata-wata.
2. A wadata asibitocin ƙananan hukumomin uku da magani, kuma hukumar inshorar lafiya ta jihar, SOCHEMA, ta sa wannan tsari cikin inshorar, domin talaka ba zai iya biyan kuɗin wata uku a tashi ɗaya ba.
3. Ɗakunan shan magani na ƙauyuka su riƙa awon jini da suga tsakanin ganin likita.
4. 'Yan'uwa marasa lafiya su adana magani nesa da zafi, kada su raba shi da kowa, kada su daina sha don sun ji sauƙi.

Muna roƙon gwamnati ta duba wannan buƙata kafin damina ta faɗi.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren taro