Kasuwar Sunan 'Yar Wasa: Abin da Kano Ba Ta Koya Daga Shekarar 2007 Ba

A Kantin Kwari fuskar 'yar fim tana da farashi. Mai shagon da ya sauke sabon leshi ko atamfa ya san cewa idan fitacciyar jaruma ta ɗinka, ta ɗora hotonta a Instagram tare da sunan shagonsa, kayan ba za su daɗe a kanta ba. Yana biyanta ladan tallar, kuma ciniki ne na halal. Amma da la'asar sakaliya, idan kasuwa ta lafa aka zauna bakin rumfa, sunan wannan jarumar shi ne abin taɓa baki: wa ya saya mata mota, a wane otal aka gan ta, aurenta nawa ya mutu. Babu wanda ya gani da idonsa, kowa "an ce" yake riƙe da ita. Bayan kwana biyu sai "an ce" ɗin ta fito a wani shafin labarai da manyan baƙaƙe, ta koma rumfar da ta fito a matsayin hujja, tunda ai har jarida ta buga.

Hirar rumfa tsohuwar ɗabi'a ce, ba kuma 'yan kasuwa kaɗai ke yin ta ba. Ana yin irinta a ofis da gidan biki. Babban laifin yana wuyan wanda ya karanci aikin jarida, ya san bambancin labari da jita-jita, sannan ya ara wa gulma rigar sana'arsa.

Ƙyamar macen da ta fito gaban jama'a ta girmi Kannywood. Tun da aka buɗe silimar Rex a Sabon Gari a 1937, mutanen birni suka ɗauki gidan kallo wurin 'yan bariki, macen da aka gani a ƙofarsa kuwa an gama yanke mata hukunci. Da ƙungiyoyin wasan daɓe irin su Tumbin Giwa suka koma ɗaukar wasa a kaset, aka sami Turmin Danya a 1990, matan da suka shiga harkar sun gaji wannan tabo kafin su furta kalma ɗaya a gaban kyamara. Mujallun fim da suka biyo baya, Tauraruwa a Kano da Fim wadda ta fara fitowa a 1999, sun yi aikin da tarihi zai gode musu, domin su suka adana hirarraki da labarin yadda masana'antar ta tashi. Sai dai kasuwar ta koya wa masu rubutu da yawa darasi tun da wuri: labarin auren jaruma da mutuwarsa ya fi sharhin fim ɗinta saurin ƙarewa a hannun mai talla.

A watan Agusta na 2007 aka ga iyakar inda wannan darasi yake kaiwa. Wani ɗan gajeren bidiyo na sirri, wanda wani namiji ya ɗauka da wayarsa a Legas tun kafin lokacin, ya fita daga hannun masu shi, ya shiga yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth. A cikinsa akwai jarumar da jama'a suka sani da Maryam Hiyana, laƙabin da ta samo daga fim ɗin da ya fito da ita. Babu furodusa a ciki, babu darakta, babu kamfanin da ya shirya shi ko ya sayar. Duk da haka aka yi ta kiransa fim ɗin batsa na Hausa, a baki da kuma a rubuce. Wannan suna da aka laƙaba masa shi ya mayar da tonon asirin mutum biyu laifin sana'a guda. Jarumar ta ɓuya saboda tsoron abin da zai same ta. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata shida, masu kyamara da masu kwalliya da masu dafa abincin wurin ɗaukar fim suka zauna ba aiki.

A lissafa waɗanda suka taɓa wannan bidiyo: wanda ya ɗauka, wanda ya fitar, waɗanda suka tura wa abokai, waɗanda suka karɓi kuɗi suna loda wa mutane a waya, da dubban da suka kalla suna salati. Daga cikinsu duka, sunan mutum ɗaya ne ya zama abin zagi har yau, kuma sana'ar mutum ɗaya ce ta ƙare a ranar. Bayan 'yan watanni sai ga hotonta manne a bayan motocin haya da babura a titunan Kano. Garin da ya kore ta daga allo ya ci gaba da cinikin fuskarta a sitika.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja, kuma ta cancanci amsa. Suna cewa wadda ta zaɓi fitowa a allo ta zama abin koyi ga 'yan mata, don haka al'umma tana da haƙƙin sa ido a kanta. Gaskiya ne cewa abin da jaruma ta yi a fim, ko ta wallafa da hannunta, abin sharhi ne da suka, ko da mai zafi. Lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a Oktoban 2016 saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da ClassiQ, ana iya musu kan tsaurin hukuncin, amma aƙalla abin da ake magana a kai aiki ne da aka yi don jama'a su gani. Bidiyon 2007 ba haka yake ba, haka ma yawancin abin da shafukan tsegumi ke yaɗawa a yau. Kuma wanda ya ce kishin tarbiyya ne ya sa shi, sai ya tuna cewa shari'ar da Kano ta ƙaddamar a 2000 ita ce ta fi kowa tsanani a nan. Ta hana bin diddigin asirin mutane, ta nemi shaidu huɗu kafin a jefi mace da alfasha, ta tanadi bulala tamanin ga wanda ya yi ƙazafi ya kasa kawo su. Da za a auna hirar rumfa da kanun shafukan intanet da wannan ma'auni, ba 'yan wasa ne za su fi yawa a layin bulala ba.

Ba a Kano aka fara ba. A Faransa, Adrienne Lecouvreur ita ce tauraruwar dandamalin Paris a zamaninta, manyan gari suna cika gidan wasa don kallonta. Da ta rasu a 1730, coci ya hana a yi mata jana'iza saboda sana'arta, aka binne ta cikin dare kusa da kogin Seine, jama'a kuma suka shagala da raɗe-raɗin cewa guba aka ba ta saboda kishi. Marubuci Voltaire ya yi tir da wannan wulaƙanci a rubuce, kuma yau abin kunyar yana kan waɗanda suka hana ta kabari. A Masar kuwa, Fadima al-Yusuf, wadda ta yi suna a dandamalin Alƙahira, ta bar wasa ta kafa mujallar Ruz al-Yusuf a 1925, ta ba harkar wasan kwaikwayo shafin da za a tattauna ta da mutunci. Mujallar ta rayu bayan rasuwarta a 1958, ta zama ɗaya daga cikin fitattun mujallun siyasa na ƙasar.

Abin da ake nema daga editan Hausa bai kai kafa mujalla wahala ba. Kafin ya buga labari kan rayuwar jaruma, ya tambayi kansa wa ya gani, wa ya tabbatar, an kira ta an ji ta bakinta, kuma mece ce maslahar jama'a a ciki ban da daɗin baki. Ƙa'idar da yake bi idan labarin ya shafi kwamishina ko attajirin Kwari, saboda tsoron lauya, ita ce ta wajaba a kansa idan ya shafi macen da ba ta da lauya. Idan abin sirri ya fita, labarin da ya kamata a bi shi ne na wanda ya fitar da shi, domin shi ne ya aikata abin a bainar jama'a.

Mai karatu ma yana da nasa kason. Shafin tsegumi yana rayuwa ne da yawan masu shiga, kuma cikinsu akwai likita da lauya da malamin jami'a da ke tura wa zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da taken "Allah ya shirya". Magana zarar bunu ce, a zamanin waya kuwa ta fi haka muni, domin 'ya'yan da matar za ta haifa za su girma su tarar da ita tana nan. Duk wanda abin ya iso wayarsa yana da zaɓin da mutanen 2007 suka samu: ya tura gaba, ko ya goge.