Difilom da hatimi: abin da malami mai neman aiki a ƙasar waje ya kamata ya sani

Tun ran 7 ga watan Nuwamba na shekara ta 2023, ƙasar Sin ta soma aiki da yarjejeniyar nan da aka ƙulla a birnin La Haye na ƙasar Holanda ran 5 ga watan Oktoba na 1961. Saudiyya ta riga ta shiga a ƙarshen 2022, Senegal a 2023, Kanada kuwa a watan Janairu na 2024. Wannan al'amari ya shafi duk ɗan Nijar da ya ƙare jami'a, yake kuma da niyyar zuwa koyarwa a wata ƙasa, domin hukumomin can sukan nemi a gaskata difilom ɗin malami kafin su ba shi bizar aiki.

Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar, waɗanda yawansu ya haura 120, sun amince da hatimi guda tak da ake kira afostil. Hukumar ƙasar da ta ba da takarda ita ke buga shi, sauran kuma su karɓa ba tare da an bi ta ofishin jakadancinsu ba. To, Nijar da Najeriya ba su ciki. Saboda haka difilom ɗin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da na jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010, tsohuwar hanya suke bi.

Abubuwa uku da ake cuɗawa

Jama'a sukan ce ma kowane hatimi "lagalize", alhali kuwa ayyuka uku ne dabam-dabam.

Na farko shi ne tabbatar da kwafi. Mutum ya kai takardar asali da fotokopinta lamiri ko kwamisariya, ya sayi tambur, ma'aikaci ya gwada su, ya sa hannu. Iyakar shaidarsa ita ce kwafin ya yi daidai da takardar da aka nuna mashi. Bai ce takardar ta gaskiya ce ba.

Na biyu shi ne gaskata sa hannu, kuma shi ne ofishin jakadanci ke nema. Jakadan wata ƙasa bai san hannun shugaban jami'armu ba, amma ya san hatimin ofishin ministan harkokin waje. Domin haka ne takarda ke hawa daki-daki: jami'a da hukumar ilimi mai zurfi su tabbatar da ita, ofishin ministan harkokin waje ya gaskata hannun da ke kanta, sannan ofishin jakadanci ya gaskata na ministan. Kowane hatimi shaida yake ba na gabansa. Wanda ya tsallake ɗaya, sai ya koma baya.

Na uku shi ne auna darajar karatun. Hatimi, ko na afostil ne, ba ya faɗin cewa lisans ɗin wannan ƙasa daidai yake da digirin waccan. Tsakanin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, wannan yana cikin ayyukan hukumar CAMES, wadda shugabanni suka yanke shawarar kafawa nan Yamai a 1968, take kuma da mazauni a Wagadugu. Ƙasar da ba ta cikin CAMES, da ma'auninta take awo.

Inda aka samu takarda, can ake gaskata ta

Wannan ƙa'ida ce da ke ba ƴan uwa da yawa wahala. Ƙasar da ta ba da difilom ake dubawa, ba ƙasar mai shi ba. Ɗan Nijar da ya yi karatu a Maroko, wadda ke aiki da afostil tun 2016, hatimi guda daga can ya ishe shi zuwa Sin. Abokinsa da ya yi karatu a Sakkwato ko Kano, sai takardarsa ta je Abuja, ta bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, kafin ofishin jakadanci.

Sannan akwai batun lokaci. Ƙasar Sin ba ta ba da bizar aiki, mai harafin Z, sai an samu izinin aiki, shi kuwa izinin yana bukatar difilom da takardar kotu mai shaida cewa mutum ba shi da laifi. Difilom ba ya tsufa, amma takardar kotu ƴan watanni take yi ta mutu. Mai hankali da difilom yake farawa. Ya kuma duba rubutun sunansa: Mamman a difilom, Mahamadu a fasfo, wannan kaɗai ya isa a maido da takardu. Haka ma fassara, a ba tafintan da hukuma ta amince da shi.

Abin da ya rage ma hukuma

Kowane mataki yana cin kuɗɗin tambur, da na mota daga jihohi zuwa Yamai, da kwanaki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda hanya ta yi tsawo, nan dillalai da masu hatimin jabu ke samun kasuwa. Difilom ɗin jabu guda da aka kama a waje kuwa, yana jawo zargi a kan na gaskiya duka.

Ya dace ma'aikatun da abin ya shafa su auna amfanin shiga yarjejeniyar 1961. Kafin nan, kowace jami'a ta tanadi rajistar da za a iya tambaya daga nesa, a kuma liƙa matakai da kuɗɗinsu a ƙofar kowane ofishi, da Faransanci da harsunan ƙasa. Malamin da ya je koyarwa waje da sunan Nijar yake tafiya, takardarsa kuma ita ke fara isa.