RA'AYINMU: Tsimin Ruwan Kamfanoni da Haƙƙin Na Ƙasan Kogi

 

A 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta kama bakin manyan kamfanonin duniya, wato tsimin ruwa. Masu haƙar ma'adinai da masu manyan gonaki da masu sarrafa abinci da lemo, kowa na fitar da rahoto a ƙarshen shekara yana bayyana yawan ruwan da ya rage sha. A shekarar 2016 kamfanin Coca-Cola ya ba da sanarwar cewa ya mayar wa ƙasa da jama'a kwatankwacin ruwan da ya zuba cikin kayan shansa a 2015. A ƙasar Chile kuma, mahaƙar tagulla ta Escondida da ke cikin hamada ta koma tace ruwan teku tana turo shi ta bututu zuwa kan tudu, don ta sakar wa ruwan ƙarƙashin ƙasa mara. Ba mu ƙi wannan ba ko kaɗan. Al'ummar da Annabinta (SAW) yake alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita guda ba, yake wanka da sa'i, ba ita za ta raina mai tsimin ruwa ba, ko wane ne shi.

Sai dai mu mazauna arewacin kogin Kaduna muna da tambayar da ba a amsa ta a irin waɗannan rahotanni: ruwan da aka ce an tsimi, wa ya amfana da shi?

Mai karatu ya tuna inda ruwan famfonsa yake fitowa, idan ya zo. Daga kogi ake jan sa a matatar Malali, kuma da rani, sa'ad da kogin ya janye har duwatsunsa suka fito, madatsar Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi ce ake dogara da ita ta sako abin da ta tara da damina. Tun shekarun 1970 aka gina ta saboda shan mutanen birni da noman rani. A gefen wannan madatsa ce kamfanin Tomato Jos, wanda aka kafa a 2014, ya kafa gonarsa da masana'antar markaɗa tumatir, yana ban ruwa ta siraran bututu masu ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sakin ruwa a fangali har ya kwanta, rabi ya tsotse rabi rana ta ɗauke, ya san wannan dabara ci gaba ce, kuma muna fatan manomanmu su koye ta. Noma ne ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ɗan Adam ke ɗiba a duniya, don haka gyara kaɗan a gona ya fi gyara mai yawa a wani wuri.

To amma a nan ne ake buƙatar lura. An sha gani a ƙasashe da dama cewa idan manomi ya rage ruwan da kadada ɗaya take sha, sai ya ƙara yawan kadada da rarar da ya samu. A takarda an yi tsimi, a madatsa kuwa ruwan ya ragu fiye da da. Ƙari a kan haka, ruwan da ake kira ɓarna a tsohon ban ruwa ba duka ne yake salwanta ba. Wani yana gangarawa rafi, wani yana nutsewa ya ciyar da rijiyar maƙwabci. Ba muna tuhumar wani kamfani da wannan ba ne. Abin da muke cewa shi ne, lissafin lita nawa aka kashe a kan kowane gwangwani lissafin ɗan kasuwa ne, yana da amfani ga aljihunsa; lissafin da ya shafi matar da ke jiran ɗan garuwa a Rigasa ko Badarawa shi ne nawa aka ɗiba gaba ɗaya, a wane wata, kuma nawa ya saura.

Haka zancen mayar da ruwa yake. Kamfani zai iya ɗibar ruwa a wannan gari, ya je wata jiha ya dasa itatuwa ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ce ya biya. Mutanen ƙauyen Plachimada a jihar Kerala ta Indiya sun yi ta kukan rijiyoyinsu sun ƙafe sun gurɓace, har masana'antar lemon da ke wurin ta daina aiki a 2004. Da a ce an haƙa rijiya dubu a wani lardi, da ba ta jiƙa maƙogwaron ko mutum ɗaya a wannan ƙauye ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsara wannan babi, kuma abin mamaki ne yadda muke karanta shi a zaure mu bar shi a can. Hadisi ya zo cewa mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta. A kan haka suka gabatar da haƙƙin sha, na mutum da na dabba, a kan haƙƙin shayar da gona. Suka ce na saman rafi ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan wajibi ne ya sakar wa na ƙasa da shi, kamar yadda hukuncin ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Malikiyya kuma suka hana mutum haƙa rijiyar da za ta janye ruwan rijiyar maƙwabcinsa. A duk waɗannan hukunce-hukunce, ma'aunin shi ne halin da na ƙasa yake ciki. Sayyidina Usman (RA) da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi, mutanen da suke shan wannan rijiyar su ne suka amfana, a wurin da ƙishirwar take.

Kaduna ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka bar masana'anta ta zama alƙalin kanta. Tun daga buɗe masaƙar KTL a 1957 Kakuri ta cika da masana'antu, kuma shekaru da yawa magudanar Makera tana kai ruwan rini da dagwalo cikin kogi, masu lambu na shayar da alayyafo da latas da shi. Akwai doka, an kafa hukumar FEPA a 1988 bayan abin kunyar sharar guba ta Koko, NESREA ta gaje ta a 2007, jiha ma tana da KEPA. Amma abin da ya fi rage rinin shi ne durƙushewar masaƙun, KTL ta rufe a 2002, dubban magidanta suka rasa abinci. Wannan ba irin tsaftar da muke roƙo ba ce. A ɓangaren ma'adinai kuwa, gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega daga 2010 ta isa gargaɗi ga duk mai wanke ƙasar zinare a bakin rafi a yankin Birnin Gwari.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da Hukumar Ruwa da KEPA da su wajabta wa duk kamfanin da ke jan ruwa daga kogin Kaduna, ko Kangimi, ko ƙarƙashin ƙasa, ya sa mita a bututunsa, a riƙa bayyana adadin kowane wata da Hausa, a allon da mai unguwa da limami za su iya karantawa. A riƙa gwada ruwan da yake fitarwa a bakin magudana, kuma mai gwajin kada ya zama ma'aikacinsa. Wanda ya cika sharaɗi a yaba masa a fili, mu ma za mu yaba masa a wannan shafi.

Mu ma akwai namu. Famfunan alwala na masallatanmu da yawa suna zuba dare da rana, kuma masu hali a cikinmu suna haƙa burtsatse mai zurfi ba tare da sun leƙa rijiyar gidan da ke bayan katangarsu ba. Muna roƙon kwamitocin masallatai a Kawo da Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Dosa su gyara famfunan nan kafin zafin watan Maris ya shigo.