Ambaliya: Lokacin da ke Bisa Saƙon Gargaɗi Shi ma Labari Ne

Ambaliyar damanar 2024 ta ci rayuka sama da 300 a Nijar, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tun daga nan ake ta kira da a riƙa gargaɗin mutane kafin ruwa ya sauka. To amma gargaɗin da ya iso Hawandawaki bayan katanga ta faɗi, ihu ne bayan hari. Shi ya sa muke ganin ya kamata mu ma'aikatan rediyo mu iya karanta lokacin da ke rubuce bisa waɗannan saƙonni.

Bayanan yanayi, irin waɗanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke aiki da su, suna bi ta manyan kwamfutocin rarrabawa. Kowace tana da rajista inda take rubuta sa'ar shigowar saƙo da sa'ar fitarsa. Ke nan lokuta uku ne: sa'ar da aka auna hadari, sa'ar da kwamfuta ta karɓa, da sa'ar da ta tura. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke tona inda saƙo ya yi zaune.

Sai dai a lura, harkar yanayi da agogon duniya na UTC take aiki, wanda muka saba ji da sunan GMT. Nijar da Najeriya suna gabansa da awa 1. Idan an rubuta 17:00 da harafin Z a ƙarshe, ƙarfe 6 na yamma ke nan a Tasawa da Mayahi. Idan kuma 23:30 ce, a wurinmu dare ya raba har kwanan wata ya sauya. Wanda ya manta da wannan awa zai zargi ma'aikaci da jinkirin da bai yi ba, ko ya sanar wa manoma sa'ar da ba ita ba.

Haka nan, kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, da zarar an ɗauke wuta sai lokacinta ya rikice. Dole a riƙa saita ta da intanet.

Kiranmu ga hukumomi shi ne, duk gargaɗin da za a aiko wa rediyoyin karkara a sa masa agogon gida a fili. Mu kuma mu riƙa rubuta sa'ar da muka karɓa da sa'ar da muka watsa, domin ranar bincike a san inda gizo ke saƙa. Allah ya ba mu damana mai albarka.