Wasiƙar Akawu Daga Madobi: Wanda Ya Yi Kira Daga Gona, Ina Za A Same Shi?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni ko wane mako. Yau ba zancen taki ko na kasuwar tumatir na zo da shi ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun sanyin da ya wuce, ina so malamai da akawuna 'yan'uwana su taya ni duba ta.

Ina da ɗan fili da na ke nomawa da rani a wajen Kura. Ran nan muna ƙarasa ban ruwan alkama, magariba ta kawo kai, sai wani yaro ɗan cin rani da ke yi mana ƙwadago ya taka kububuwa a bakin fangali. Mu biyar ne a wurin, huɗu daga cikinmu da waya a aljihu. Amma babu wanda ya san lambar da a ke kira a nemi taimako, har ni da a ke ce wa akawu. Na taɓa jin labarinta, amma a wannan sa'a ko kusa ba ta faɗo mini ba. Sai muka kira wani mai a-kori-kura a gari. Ya ce, "Kuna ina?" Nan fa ɗaya! Wannan ya ce a gaya masa bayan kuka, wancan ya ce a'a, a ce masa gada ta biyu in ya bar kwalta. Wanda ya san wurin nan ya san hanyoyin da ke bin gefen ruwa duk kamarsu ɗaya, balle da duhu. Mai mota ya yi ta kewaya, muna hangen fitilarsa can nesa, shi kuwa bai gan mu ba. Da muka gaji sai muka ɗora yaron a kan babur tsakanin mutum biyu, har bakin titi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya kwana biyu a asibiti ya tashi. Amma lokacin da muka ɓata ba rashin waya ya ci shi ba, ba kuwa rashin mota ba. Rashin sanin wanda za a kira ne, da rashin sanin yadda za a kwatanta inda mu ke.

Tun daga ran nan na shiga bin diddigin wannan al'amari, ga kuwa abin da na samu.

Asalin lambar gaggawa daga Ingila ne, kuma abin da zai ba ku sha'awa, wasiƙa irin wannan ce ta haife ta. A watan Nuwamba na 1935 gobara ta tashi a wani gida a titin Wimpole cikin birnin Landan, mata biyar suka rasu. Wani maƙwabci ya ɗauki tarho don ya kira 'yan kwana-kwana, aka bar shi yana jiran layi. Haushi ya sa ya rubuta wa editan jaridar Times, Gwamnati ta sa aka bincika, ran 30 ga Yuni, 1937, aka buɗe lamba 999. Amurka ta bi baya da 911 a 1968, ƙasashen Turai kuma suka haɗu a kan 112 a 1991.

Mu nan Nijeriya 112 ɗin nan muka ɗauka. Dokar Sadarwa ta 2003 ita ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, nauyin tsayar da lambar gaggawa. Hukumar ta giggina cibiyoyi a jihohi, Kano tana cikinsu. An buɗe ta Katsina a watan Satumba na 2019, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da ta Abuja a watan Maris na 2020, zamanin da Farfesa Umar Garba Ɗambatta, mutumin jiharmu, ya ke shugabancin hukumar, daga 2015 zuwa 2023. Kiran kyauta ne, ko babu ko kwabo a wayarka zai shiga. Wanda ya amsa shi ne zai miƙa maganarka ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko ma'aikatan kiyaye haɗarin hanya, ko motar asibiti. Jama'a, ku riƙe lambar nan, ku koya wa iyalinku.

To, yanzu zancen da a ke yi a duniya shi ne a ɗauke waɗannan cibiyoyi daga tsohon tsarin tarho a mai da su bisa tsarin intanet. Bari in bayyana bambancin gwargwadon fahimtata. A tsohon tsari murya ce kaɗai ke tafiya, sai lambar mai kira, sai kuwa sanin ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran. A cikin birni, inda ƙarafan nan su ke kusa da juna, wannan ya kan rage nema. A karkara kuwa ƙarfe ɗaya ya kan ci ƙauyuka da gonaki masu yawa, sabo da haka in an ce mutum yana ƙarƙashin ƙarfe kaza, kamar an ce allura tana cikin rumbu ne.

A sabon tsari a kan yanka magana gutsu-gutsu, ko wane gutsure ya bi hanyar da ta ke a buɗe, su haɗu a can. Amfaninsa uku ne. Na ɗaya, in cibiya guda ta cika da kira, ko wutarta ta ɗauke, sai a tura kiran ga wata nan take. Na biyu, ban da murya a kan iya aika rubutu da hoto, domin kurma ya sami bakin magana, haka kuma wanda ɓarayi suka shiga gidansa yana ɓoye ba ya iya ɗaga murya. Na uku, wanda ya fi duka a wurina, babbar waya ta kan san inda ta ke ta wurin taurarin ɗan'adam, kuma an yi dabarar da in mutum ya buga lambar gaggawa, wayar da kanta za ta aika da wurin ga cibiya. A Ingila aka fara wannan a 2014, wayoyin Android suka karɓa a 2016, na iPhone a 2018. Sai mai amsa kira ya ga ɗigo a kan taswira, bai fi 'yan taku tsakaninsa da mutumin ba. Da a ce ɗigon nan ya bayyana daren da na ba ku labari, da ba mu tsaya muna musu a kan kuka da gada ba.

Amma abin nan yana cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa a ke yin sa da kuɗin taimako daga babbar Gwamnati. Ku dubi yadda Amurka ta yi. A 2018 aka kai wa majalisarsu lissafi cewa sauya tsarin ƙasar duka zai ci tsakanin dala biliyan 9.5 da biliyan 12.7 cikin shekara goma. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayyarsu ta raba fiye da dala miliyan 109 ga jihohi sama da talatin, kuɗin kuwa daga gwanjon hanyoyin wayar iska aka samo su. Ku auna abin da aka bayar da abin da a ke bukata, ku ga ko a ƙasa mai arziki taimako somin taɓi ne kawai. Abin da ya fi kama hankalina sharuɗɗan ne. Jihar da za ta karɓa sai ta kawo kashi 40 cikin ɗari daga aljihunta. Sa'an nan sai ta shaida a rubuce cewa kuɗin da a ke karɓa daga masu waya domin 911 ba ta karkatar da su zuwa wani aiki ba. Wanda ya zuba nasa a cikin abu ba ya barinsa ya lalace.

Mu ma ba mu rasa rijiyoyin da za a ɗebo ba. Dokar nan ta 2003 ta kafa asusu domin kai waya wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba, a ke ce masa USPF. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin ɗari nasa domin jinyar gaggawa. Tun da akwai inda za a samo, tambayar da ta rage ita ce, in kuɗin sun zo, yaya za a kashe su har su iso gona?

Mu mutanen wannan yanki mun san amsar irin wannan tambaya, gama da idonmu muka gani a kan ruwa. Zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, aka jawo ruwa ta babbar hanya zuwa Bunkure da Kadawa da Kura. Aiki ne wanda babu mai raina shi. Amma ku tambayi manomin da filinsa ke can ƙarshen layi. In ƙaramar hanyar da ke kawo masa ruwa ta cushe da laka da ciyawa, cikar Tiga ba ta shayar masa da ko fangali ɗaya. Har sai da aka nemo rancen Bankin Duniya a 2014, aikin nan da a ke kira TRIMING, domin a gyara abin da rashin kula ya ɓata. Cibiyar gaggawa mai sababbin na'urori a birnin Kano madatsa ce. Ƙaramar hanya kuwa ita ce tsakanin cibiyar da yaron da ke kwance a bakin fangali. Sabo da haka ina roƙon shugabanninmu, da ladabi, duk ran da za a ba da irin kuɗin nan a ɗaura musu sharuɗɗa huɗu.

Na fari, sanin wurin mai kira ya zama shi ne kan gaba, a kuma gwada shi a gona kafin a biya ɗan kwangila. A zo Madobi, a shiga tsakiyar fadama, a buga 112, a ga ko ɗigon ya fito daidai. Gwajin da aka yi a cikin ofis a birni ba shaida ba ne a kanmu.

Na biyu, kada a manta da mai ƙaramar waya. Manoma da yawa irinta su ke riƙewa, gama ta fi jimirin ƙura da faɗuwa, cajinta kuma ya kan kwana biyu. Ita ba ta san taurari ba. Ga dabara mai araha dominta. Ma'aikatan ban ruwa sun raba filayen nan kashi-kashi, ko wane da sunansa, suna kuma da taswirarsu. A rubuta lamba da babban fenti a jikin ko wace gada da ko wace ƙofar ruwa, a shigar da lambobin cikin taswirar cibiya. Mai kira ya ce, "Ina gada ta kaza," shi ke nan. Wannan aikin akawu ne da mai fenti, kuɗinsa bai kai na kwamfuta 'yan kaɗan ba. Kuma wanda zai amsa kiran ya zama mai jin Hausa sarai, har da ta ƙauye, in da hali a sami mai Fillanci kusa da shi.

Na uku, kada a rataya rai a igiya ɗaya. Ba mu manta da ran 14 ga Maris, 2024 ba, sa'ad da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka wuni ba su iya aika kuɗi ta banki. In sabon tsari ya zo, a bar wa murya hanyarta ta biyu, a sa wa cibiya da ƙarafan karkara wutar rana da batir, domin gobara da naƙuda ba su jiran a kawo wuta.

Na huɗu, a tanadi abincin doki kafin a karɓi kyautar doki. Kuɗin taimako sau ɗaya su ke zuwa, amma albashin masu amsa kira, da man motar asibiti, da gyaran na'ura, ko wane wata ne. Jiha da ƙananan hukumomi su rubuta rabonsu cikin kasafi tun kafin a sa hannu. In an ga ɗigo a taswira amma babu motar da za ta tashi, an dai san inda mutum ya mutu ne kawai. Hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa ta Kura da Kadawa, motocin kaya ba su yankewa a Kwanar Gafan lokacin tumatir, ga yara masu wanka a hanyoyin ruwa da bazara. Motar asibiti guda da ke tsaye a shirye a wannan yanki, wadda cibiya ke iya kiran direbanta kai tsaye, ta cancanci a lissafa ta cikin kuɗin.

Mu ma da namu aikin, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman makaranta, ku rubuta 112 a allo, ku sa yara su haddace kamar yadda su ke haddace lissafi. Limamai su ambata bayan salla, haka kuma a majami'u ran Lahadi. Dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu ban ruwa su faɗa a taro. A kuma ja kunnen samari masu buga lambar domin wasa, gama wanda ya tare layi da shashanci, watakila uwarsa ce ke jira a bayansa.

Yaron nan ya komo bana, ya zo har gida ya gaishe ni, yana ɗan ɗingishi. Na karɓi wayarsa na sa masa lambar da hannuna. Sai ya ce, "To, Malam, in na kira su, in ce musu ina ina?" Wallahi ban sami abin da zan gaya masa ba. Shi ya sa na kawo tambayarsa gaban waɗanda ke da ikon amsawa. Wanda ya ga kuskure cikin maganata, ko ya san wata dabara da ta fi tawa, ya rubuto, filin na kowa ne. Allah Ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu, Madobi.