Lasisin Sayar Da Giya A Bauchi: Lokaci Ya Yi Da Kansiloli Za Su Fito Fili

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a Jadawalinsa na Huɗu, ya jera ayyukan da ya ɗora wa ƙananan hukumomi: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa. A cikin jerin akwai wani aiki da ba a cika son ambatonsa a Arewa ba, wato bayar da lasisin sayar da giya, da tsara sayar da ita, da sa mata ido. Dokar haraji ta tarayya ta 1998 ita ma ta sanya kuɗin wannan lasisi cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Saboda haka, duk wanda ya buɗe shagon giya a cikin garin Bauchi, majalisar Ƙaramar Hukumar Bauchi ce ta farko da ya kamata a tambaya yadda aka yi.

Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, Jihar Bauchi ke aiki da dokokin Shari'a, kuma hukuncin shan giya a kan Musulmi ba ɓoyayye ba ne. Sai dai garin ba na Musulmi kaɗai ba ne. Akwai Kiristoci 'yan asalin jihar, akwai 'yan kasuwa daga Kudu, akwai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma sojojin barikin Shadawanka, wanda ke hannun gwamnatin tarayya. Kowa a Bauchi ya san ana sayar da giya a wasu sassan Yalwa da Bayan Gari. Rufe ido bai taɓa rufe shago ko ɗaya ba.

Batun ya girmi Shari'ar 2001 nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a birnin Burasal a 1890 ta taƙaita shigar da barasa wani babban yanki na Afirka, a kanta kuma gwamnatin Lugga ta dogara wajen hana kai ta ƙasar Arewa. Dokar giya ta 1917 ta karkasa ƙasar gida-gida: inda aka hana, inda aka taƙaita, da inda ake sayarwa da lasisi. Ko Final Kot na Jihar Arewa, a sashe na 403, ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Mutum na iya tsanar manufar 'yan mulkin mallaka, amma sun shata iyaka a rubuce, kowa ya san inda ya tsaya.

Yau abin da ya fi tayar da hankali ba mashayar da ke da allo a ƙofa ba ce. Ƙaramin shagon tireda ne, mai sayar da sabulu da biskit da taliya, wanda ke ajiye barasar leda a ƙarƙashin kanta, a farashin da kuɗin tarar ɗan makaranta zai iya saya. Wannan ne ya sa hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan kwalabe a farkon 2024, kafin matsin lambar masu masana'antu ya kawo tsaiko. NAFDAC tana bin abin da aka ƙera ne. Wanda zai san shagon da ke daura da firamare shi ne kansila da mai unguwa.

Idan babu ƙa'ida a bayyane, kowa na asara. Maƙwabci ba shi da wurin kai ƙorafi kafin a buɗe shago, sai bayan hayaniyar dare ta hana iyalinsa barci. Mai shagon da ba Musulmi ba, wanda yake ganin bai karya doka ba, yana kwana da fargabar samame. Mai cin moriyar duhu shi ne jami'in da ya iya karɓar na goro.

A Ingila, dokar lasisi ta 2003 ta wajabta wa mai nema ya liƙa sanarwa a jikin shagonsa har kwana 28, domin duk mai ja ya rubuto. Kwamitin kansiloli ne ke zama ya auna buƙatar da ma'aunai huɗu: hana aikata laifi, tsaron jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara. Ba mu ce a kwaso dokar Ingila a juye a Bauchi ba, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma sanarwa, da sauraren mutanen unguwa, da rubuta dalilin amincewa ko ƙi, ba baƙin abubuwa ba ne ga al'ummar da ta saba da zaman fadar hakimi.

Akwai malamai da iyaye da za su ce zama a kan irin wannan takarda tamkar halatta haram ne. Damuwarsu abar girmamawa ce. Amsar ita ce, ikon bayar da lasisi ya ƙunshi ikon hanawa. Majalisa na iya ayyana mazaɓu sukutum a matsayin wuraren da ba za a bayar ba, ta gindaya tazara daga makarantu da masallatai da majami'u, ta ƙayyade lokacin rufewa, ta soke lasisin wanda ya sayar wa yaro. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta, domin sashe na 36(12) na Tsarin Mulki ya hana hukunta mutum a kan laifin da babu shi a rubutacciyar doka. In kuwa majalisar na ganin dokar jiha ta rufe ƙofar gaba ɗaya, to ta faɗa wa jama'a ƙarara, kada kuma a ga rasitinta a hannun kowane mai sayar da giya.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin ba ƙananan hukumomi 'yancin sarrafa kuɗinsu, an kuma yi ta murna. 'Yancin yana tafe da nauyin ayyuka marasa daɗi irin wannan. Muna kira ga shugaban Ƙaramar Hukumar Bauchi da kansilolinsa su sanya batun a zamansu na gaba, su gayyato Hukumar Shari'a da wakilan Masarautar Bauchi da Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da 'yan sanda, sannan su liƙa dokar da suka cimma, tare da jerin masu lasisi, a allon sakatariya, a kuma karanta ta a gidan rediyon jihar da Hausa da Turanci.